Ranar da Na Buɗe wa Ɗan Takara Lemu

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba: tsss, sannan marfin kwalba ya faɗi kan siminti, ƙwal. Sau biyar na ji ta a jere ran nan, kuma a lokacin daɗi ta yi mini a kunne, kamar ana buɗe mini ƙofofin duniya ɗaya bayan ɗaya.

Shekarar ce da yajin aiki ya cinye mana karatu, bayan babban taron ƙasa, lokacin da jam'iyyu suka tsiro ko'ina kamar ciyawar farkon damina. Aka rufe mana makarantarmu ta lise a Maraɗi, na koma gida Gazawa da jakar littattafai da wani shuɗin kaye da nake rubuta waƙoƙi a ciki (waƙoƙin farin wata, da kurciya, da wani masoyi da ko suna ban raɗa masa ba tukuna). Babana ya gaji da ganina gindin bishiyar bedi ina kallon sama, ya ce in tashi in je in taya ƙanwarsa, Gwaggo Hajara, aiki a bubet ɗinta, wato rumfar abin sha, da ke bakin tasha.

Kada ku yi mini wani zato, lemun kwalba kawai ake sayarwa a wurin. Rumfar kwano ce da benci huɗu, tebur biyu, sai wani tsohon firigo mai aiki da kananzir a bayan labule. Amma a duk tashar, nan ne kaɗai ake samun abu mai sanyi, don haka kowa yana zuwa: direbobi, jandarmomi, fatake masu ƙetara iyaka, da 'yan siyasa na kowane ɓangare. Gwaggo mijinta ya rasu, da wannan rumfa take ciyar da 'ya'ya huɗu. Ga shi kuma babban ɗanta, Sani, shi ke yawo da lasifikar ɗaya daga cikin jam'iyyun, yana zagaya gari yana yabon nasu yana zambar na wasu. Saboda haka Gwaggo a hankali take taka ƙasa. Abin da ta fi tsoro shi ne a wayi gari a ce rumfarta ta wani ɓangare ce.

Ranar farko ta koya mini gyaran lagwanin firigo, da jera kwalabe, da yadda ake gane wadda ta yi sanyi ba tare da an daɗe da buɗe ƙofa ba. Ta ce, "Ke 'yar lakol, nan ba a siyasa. In sun tambaye ki wa kike so, ki ce kina son ruwan sama." Na rubuta wannan a kayena don ya burge ni. Abin da ba ta faɗa mini ba shi ne abin da ta ɗauka ko jariri ya sani.

Kwana na uku ranar kasuwa ce. Bayan azahar aka aiko wa Gwaggo cewa an yi rasuwa a unguwarsu, ta yafa gyale ta ce yanzu za ta dawo. Ba ta yi nisa ba sai ga wata mota mai tutoci ta tsaya. Mutum biyar suka fito. A tsakiyarsu Alhaji Mamman, babban ɗan kasuwar wake da ke neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, a jam'iyyar da Sani yake wuni yana zagi. Kusa da shi wani dogo mai jar hula, Ɗanjuma, wanda ba ya rabuwa da shi ko masallaci za shi. Mutanen da ke benci suka miƙe ana ta gaisuwa, 'yan kallo suka taru a bakin rumfa.

Ɗanjuma ya ce, "Ina Hajiya?"

Na ce ta je gaisuwar mutuwa.

"To, ɗiyata, kawo biyar masu sanyi."

Yau ranata ce. Na shiga bayan labule ina tuna littattafan Faransanci da na karanta, inda ake kai wa manyan baƙi abin sha cikin kofin gilashi a kan faranti, ba a miƙa musu kwalba kamar masu dako. Akwai wasu kofuna a saman firigo cikin kwali, na gudummawar biki, ba a taɓa amfani da su ba. Na wanke su, na goge har suna walƙiya. Na buɗe kwalabe biyar a can bayan labulen, ni kaɗai, na tsiyaye a hankali ina kallon kumfa tana hawa (har wani baiti ya zo mini a kan kumfar, Allah ya taimake ni ban tsaya rubuta shi ba). Na fito ina rangaji, na durƙusa, na ajiye wa kowa nasa, na Alhaji a farko.



Ba wanda ya miƙa hannu. Alhaji ya dubi kofin, ya dubi Ɗanjuma. Wani direba da ke kusa ya ja bencinsa baya. Ni kuwa ina tsaye da faranti a ƙirji, ina murmushi, ina jiran yabo.

Ɗanjuma ya ce, "Mi ne ne wanga?"

"Lemu ne, Baba."

"Ina kwalaben?"

"Suna ciki."

"Wa ya buɗe su?"

"Ni ce."

"Gaban wa?"

A nan murmushin ya fara bushewa a fuskata. Sai a lokacin na tuna cewa kwana uku ina kallon Gwaggo tana kai kwalba a rufe, ta buɗe a gaban mai ita, ko ta ajiye masa mabuɗi ya buɗe da kansa. Ni na ɗauka rashin wayewa ne. Ashe a ƙasarmu babban mutum ba ya shan abin da aka buɗe a bayan idonsa, balle ɗan takara, balle a lokacin da kowa ke cewa abokan hamayya suna kwana gidan malamai da bokaye.

Wata murya daga cikin 'yan kallo ta ce, "Ai ƙanwar Sani mai lasifika ce." Wata ta ce, "Shi ya sa uwar ta fice." Na ji maganar tana yawo baki zuwa baki har bakin titi. Na san kafin la'asar za ta kai Agiye, kafin gobe ta kai Cadawa: a rumfar Hajara ana zuba wa mutane sammu a lemu. Daga ranar ko kare ba zai sake shan inuwar rumfar ba. Na hango Gwaggo da 'ya'yanta huɗu da firigon da ba mai buɗewa.

Ɗanjuma ya ɗaga murya don na waje su ji. "Wa ya aiko ki?"

"Wallahi ba kowa. Girmamawa ce."

"To, in girmamawa ce, ɗanɗana."

Ɗanɗana ya ce, Allah ne shaidata. Kurɓa ɗaya ta isa. Amma ni da na karanta labaran jarumai mata masu shan guba don kare mutuncin gidansu, ina zan tsaya a kurɓa? Na ɗauki kofin Alhaji, na dubi jama'a, na kafa kai sai da na ga gindinsa. Na ajiye. Na ɗauki na Ɗanjuma. Wani dattijo ya ce, "Ke yarinya, ya isa haka," ban ko kalle shi ba. Na uku sanyinsa ya sara mini goshi. Na huɗu hawaye suka zubo, ba na kuka ba, na gas. Na biyar da ƙyar ya sami wurin zama.

Na ajiye kofin ƙarshe. Kowa ya zuba mini ido, ana jira a ga ko zan faɗi, ko zan fara sambatu. Ni kuwa a cikin kaina na riga na tsara wata jimla kyakkyawa a kan amana da zuciya mai tsarki, wadda nake ganin za ta sa Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. Na gyara tsayuwa, na ɗaga haɓa, na buɗe baki.

Abin da ya fito ba jimla ba ce.

Gyatsa ce. Ba irin wadda ake rufewa da gefen gyale ba. Doguwa ce, mai kauri, mai hawa da sauka, irin wadda ban san jikina yana da wurin ajiye ta ba. Kwanon rumfar ma sai da ya amsa. Na rufe baki da hannu biyu, sai ga ta biyu ta biyo ta hanci.

Alhaji ne ya fara. Kafaɗunsa suka girgiza, sannan ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Rumfa ta ɗauka, titi ya ɗauka. Direban nan ya ce, "Alhaji, ka ɗauke ta aiki, ta fi lasifikar Sani amo!" Wani ya ce, "Wannan shi ne 'yancin faɗar albarkacin baki da ake ta faɗa a rediyo!"

Ana cikin haka Gwaggo ta kutso, gyale a hannu, numfashi sama sama, don labari ya tarar da ita tun a hanya. Ta dubi kofuna, ta dube ni, ta gane komai. Ta shiga ta fito da kwalabe biyar a rufe, ta jera, ta ajiye mabuɗi a gaban Ɗanjuma, ta durƙusa. "Alhaji, a yi haƙuri. Boko ne ya yi mata yawa."

Alhaji yana share hawaye ya ce, "Hajiya, ki riƙe ɗiyar nan da kyau. Wanda zai sha kofi biyar don ke, ba a samunsa a kasuwa."

Rumfa ta tsira, har ciniki ya ƙaru, don mutane suna zuwa musamman su ga "mai amo". Sunan ya bi ni har na koma Maraɗi. Wata shida ban iya rubuta baiti ko ɗaya ba, duk lokacin da na ɗauki biro sai in ji sautin nan. Abin da na koya kuwa: in ka ga tsohuwa tana yin abu yadda bai yi maka kyau ba, tambaye ta dalili kafin ka gyara mata.

Sai bayan shekaru da yawa, ran da muka je gaisuwar rasuwar Alhaji Mamman, Gwaggo ta faɗa mini sauran a hanyar dawowa. Ashe ciwon sukari gare shi tun kafin a fara siyasa, likita ya hana shi lemu ko ɗigo. Ita da Ɗanjuma kaɗai suka sani a tashar, don ɗan takara ba ya son a ce ba shi da lafiya. Kullum kwalba a rufe take kai masa, ya riƙe ta yana hira, in zai tafi ya miƙa wa wani. Da na ajiye masa kofi a gaban jama'a, ba shi da halin sha, ba shi da halin ƙi. Ɗanjuma bai taɓa zargina da komai ba. Hanyar fita yake nema wa maigidansa, ni kuma na ba shi ita ba da sanina ba, na shanye masa lemun har gindi.