Sammacin Maigandi

Duk Sakkwato ba a yi gwanin ƙa'ida kamar Alhaji Tambari ba. Ko atishawa zai yi sai ya duba sashen da ya ba shi izini, shi ya sa mutanen Ƙofar Kware ke ce masa Sashe-na-Bakwai, a bayan idonsa dai. Da Kamfanin Inshorar Inuwar Gobe ya kwashe kuɗin jama'a a shekarun da man fetur ya buɗe, ya kuma ƙi biyan magada, gwamnan soja bai ga wanda ya dace da shugabancin kwamitin bincike ba sai shi. Aka ba kura ajiyar nama.

Sati biyu aka yi ana nema masa kujerar da ta fi ta sauran tsawo. Ranar da aka samu, ya zauna, ya kafa doka: wanda sunansa ke kan takarda, shi zai kawo ƙara da bakinsa.

Aka kira Maigandi, direban tirelar siminti ta Kalambaina, har sau uku. Matarsa Hajjo ta miƙe. Tun daga Unguwar Rogo ta tako da takardar inshorar ran mijinta a ƙulle cikin zane, don ita kaɗai ya bar mata da 'ya'ya biyar.

"Ke ce Maigandi?"

"Ranka shi daɗe, Maigandi ya rasu tun bara. Ai kai na a sahun gaba rad da anka yi mai salla."

Alhaji ya gyara tabarau, ya dubi 'yan jarida don su rubuta. "Wanda yaj je jana'iza Tambari na, ɗan gari. Wanga da ka zaune shugaban kwamiti na, kuma kwamiti bai ga gawa ba. A kai mai sammaci!"

Lauyan kamfani ya yaba da wannan zurfin ilimi har ya share ƙwalla. Ni kuwa, ɗan kallo da ke bencin baya, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Masinja ya hau keke ya nufi maƙabarta, domin dokar babba ba ta da gardama. Bayan azahar ya dawo da takardar a hannu, ya ce ya yi sallama sau uku, ba a amsa ba.

"Kun gani!" in ji Alhaji, yana buga tebur. "Raina hukuma! Kwamitin ga ba ya biyan ko kwabo sai sammacin ga ya shiga hannun mai shi. Na gama."

Hajjo ta ƙulle takardarta a zane, ta durƙusa da ladabi, kamar yadda aka koya mata.

"To, ranka shi daɗe, tun da masinja ya kasa, kai ka kai mai da hannunka. Kuma don Allah a hanzarta, ɗiya biyar na jin yunwa."