Rasuwar Mai Jan Bango, Littafin Gaggawa na Tsohon Kamfaninmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu bai amince da labarin ba, ni kyaftin ɗin jirgin sama, a madadin ragowar matuƙan tsohon kamfaninmu, nake sanar da rasuwar abokin tafiyata, littafin matakan gaggawa, wanda muke kira Mai Jan Bango. Ya rasu yana da shekara ashirin da shida, bayan jinyar wata takwas.

Marigayin ɗan ƙarami ne, tafin hannu ya ishe shi wurin zama. Ba shi da surutu. Iyakar maganarsa "tas" idan na cire robar da ke ɗaure shi, sai "faf-faf" idan babban yatsana ya bi gefen shafukansa. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa tambayata lambar sirri ba. Shayi ya zube masa a shafi na goma sha huɗu, ya shanye bai yi ƙorafi ba.

A shafin nan ne ya koya mana abin da za a yi idan inji ya mutu jirgi na tashi. Matakai biyar ne, da ka ake yin su, kuma kyaftin ne ke yi da hannunsa. Ka ɗora hannu kan makunnin da ke yanke wa inji mai, in injin hagu ne ya mutu ka ce "Na hagu!" Mataimakinka ya duba ya ce "Na hagun ne." Ka yanke. Sai ƙura ta lafa kake buɗe marigayin ka ga ko ka tsallake wani abu. An maimaita mana wannan har ya bar ƙwaƙwalwa ya koma cikin jijiya.

Ina ba da shaida cewa ya yi aikin alheri. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tsuntsu ya faɗa injinmu na hagu muna barin ƙasa da mutum ɗari da talatin da biyu. Kafin tsoro ya iso gare ni, hannuna ya gama matakan biyar. Da muka sauka wata dattijuwa ta tsaya a ƙofar jirgi ta ce min, "Ɗana, Allah Ya yi wa hannunka albarka." Addu'arta ta karɓu, ita ce nake fama da ita yau.

Ciwon ajali ya kama shi ranar da wani babban kamfani ya haɗe da namu. Haɗewa suka kira abin, irin haɗewar da kifi ke yi da tana. Suka zo da nasu tsarin a allon kwamfuta. A wurinsu mai riƙe da jirgi ba ya taɓa makunni ko da wasa. Tuƙi kawai zai yi, a jira jirgi ya yi sama, sannan abokin aikinsa ya karanto matakai layi bayan layi, shi ne kuma zai yanke mai. A ɗakin shan shayi an yi ta musu wata da watanni. Mu mu ce kafin su gama karatu wuta ta cinye fiffike. Su su ce gaggawa irin tamu ce ke sa mutum ya kashe lafiyayyen inji ya bar matacce. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, maganarsu da ƙamshin gaskiya. Na fahimce ta, na yarda da ita, na haddace ta. Hannuna ne bai halarci darasin ba.

Dokar sabon kamfani ita ce kowane ɗayanmu ya ci jarrabawa a na'urar horo, wato akwatin nan mai kama da gaban jirgi, wanda ake kashe maka inji da gangan a ga abin da za ka yi. Sau uku ake ba mutum dama. A karon farko, injin na mutuwa na ji bakina ya ce "Na hagu!" hannuna kuma ya riga ya isa. Malamin horon, wanda muke kira Biro saboda ba ya magana sai rubutu, ya yi rubutu.

Na koma gida na yi sati uku ina bita a teburin cin abinci. Cokula biyu su ne makunnan, uwargida ita ce mataimakiya, ludayi a hannunta. Da ta buga tebur, alamar inji ya mutu ke nan, idan hannuna ya motsa ta sauke masa ludayin. Har ya kumbura. Ta ce, "Maigida, shekara talatin ina cewa kana da taurin kai, ashe alhakin kan na ɗauka, a hannu abin yake."

A karo na biyu na daure daƙiƙa shida cur. Mataimakiyar da aka haɗa ni da ita, ƙwararriya ce daga babban kamfanin, ta fara karatu cikin natsuwa. Ban san lokacin da abin ya faru ba, sai ji na yi ta ce a hankali, "Kyaftin, hannunka." Na duba na gan shi kan makunni. A wannan karon Biro ya ajiye bironsa ya ce, "Ranka ya daɗe, injin da ka nufa daidai ne, ban taɓa ganin ka yi kuskurensa ba. Amma idan ita tana bin wani littafi kai kana bin wani, jirgin nan ba shi da matuƙi." Sannan ya ɗauki biron.

Marigayin ya bar matarsa, aljihun gefen jakata, wadda ta buɗe baki har yau ta ƙi rufuwa. Ya bar robarsa, ya bar tabon shayi. Ya bar almajiran shafi na goma sha huɗu su arba'in da ɗaya, tara daga ciki sun riga sun faɗi sau uku an sauke su daga sama. Cikinsu har da aminina Dogo, wanda yanzu yake zaune a ofis yana jera wa wasu ranakun tashi, kuma ya sa an juya masa tebur don kada ya fuskanci taga.

Saura ni. Damata ta uku ranar Alhamis ce, ƙarfe goma na safe. Shekarata hamsin da bakwai, ban iya wata sana'a ba, ko ƙwan fitila uwargida ke canzawa. Ina jin tsoro, kuma ban ga amfanin ɓoyewa a takardar mutuwa ba.

Za a yi jana'iza ranar Laraba da yamma, a barandar ofishin horo, hawa na biyu, inda aka ajiye kwalin tattara tsofaffin littattafai kusa da injin yayyanka takarda. Dogo ne zai saka shi, don na gwada sau biyu yatsuna sun ƙi saki. Ba a buƙatar jawabi. Masu yi masa fatan alheri su taimaka su roƙa masa barci mai nauyi, kada ya farka ranar Alhamis idan inji ya mutu, ko da na kira shi.

Masu zuwa ta'aziyya kuma su yi haƙuri idan na miƙa musu hagu. Takarda kawai za mu saka a kwalin nan. Mamacin yana hannuna na dama, kuma ɗazu da uwargida ta buga tebur, ya motsa.