Washegarin Firidom Ɗina

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da washegarin firidom ɗina ba. In ba ka sani ba, firidom shi ne bikin da ake wa ɗan koyon sana'a ranar da ogansa ya sallame shi. Mu a Jos ba ma cewa an samu firidom, cewa muke an yi, kamar aure ko suna.

Ni da furfurata na shiga koyon gyaran janareto. Bayan gobarar babbar kasuwa ta cinye rumfata na yi shekaru ina buge-buge, har na ƙare a Bukuru, wurin Oga Dung, wanda na girme shi nesa ba kusa ba. Yana ce mini Baba, amma ni ke share shago, ni ke sayo masa shayi kowace safiya.

Wani malamin makaranta da ke kawo mana gyara ya ce mini ma'anar firidom ita ce 'yanci. Ban yarda ba. 'Yanci na ƙasa ne, ana hutu ana fareti. Firidom kuwa na mutum ɗaya ne, ya tashi da safe ba mai kiran sunansa. (Ya ce Turawa suna da wata wai ita libati. Na ce ya riƙe ta, wannan ta ishe ni.) Kullum a motar Bukuru nakan jingina kai da gilashi in yi ta tauna kalmar. In ga kaina zaune bisa dutse, gajimare na wucewa ta gabana, ko a bakin kududdufin tsohuwar haƙar kuza ina kallon ruwa, ba mai cewa "Baba, miƙo sufana."

Yayan matata, Yaya Sale, shi ya ba ni aron shagonsa kusa da Terminus, inda nake hawa motar Bukuru, da ƙyar. Ya ce wa matar tawa, Talatu, mijinta ba ya iya tsayawa da ƙafarsa, in ya ga alamar wasa zai ba wani tela. Shi ya sa ranar firidom, bayan an ci shinkafa an yi addu'a, na karɓi abin magana na dube shi ido cikin ido na ce, "Daga yau ba ɗan adam ɗin da zai sake aike na!" Aka tafa. Talatu har da guɗa.

Washegari za a yi addu'ar buɗe shago. Na fito daga unguwarmu Kwararafa da sassafe, makulli a aljihu, don in riga kowa. An kwana ana ruwa, garin ya yi sanyi, duwatsu sun lulluɓe da gajimare. Ina tafe kamar ba na taka ƙasa. A Terminus titi kawai zan tsallaka. Sai kwandasta ya ce, "Bukuru! Bukuru, mutum ɗaya!"

Wallahi ban san na shiga ba.

Na jingina kai da gilashi na ci gaba da mafarkina. Na sauka inda na saba, na ɗauko tsintsiya a bayan tsohon tanki inda nake ɓoye ta, na share ƙofar shagon Oga tas, na je na sayo shayi, madara da yawa sukari kaɗan. Ina tsugune da kofi a hannu ina murmushi ni kaɗai, sai ga motarsa. Ya fito cikin kaftanin da ya ɗinka musamman saboda ni, ya zo ɗaukar akwatin kayan aikin da zai ba ni kyauta.

"Baba," ya ce, "me ya kawo ka?"

Na miƙa masa shayin.

A nan wayata ta yi ƙara. Talatu ce. "Malam, kana ina? Liman ya zo, Yaya ya zo, kowa na tsaye a waje cikin yayyafi!"

Oga ya yi dariya har ya dafa mota, ya ce in shiga mu tafi. A hanya na roƙe shi ya rufa mini asiri, mu ce na je taya shi ɗauko kaya ne. Ya yarda. Da a nan abin ya tsaya, da na tsira. Amma muna isa, jama'a sun zuba ido, sai na ga kaina na fita da gudu na zagaya na buɗe masa ƙofa, na karɓi jakarsa na rungume, na bi bayansa. Kuma har lokacin tsintsiyar na maƙale a hammatata.

Yaya Sale ya dube ni daga sama har ƙasa.

"To, ai bai yi ƙarya ba," ya ce. "Ba wanda ya aike shi. Shi ya kai kansa."

Har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Na miƙa wa Yaya makulli, don na san shago ya tafi. Ya ƙi karɓa. Ya ce mutumin da ya share ƙofar wani ba a sa shi ba, ya ga yadda zai yi da tasa.

Shagon na hannuna har yau. Sai dai Talatu ta daɗe tana raka ni Terminus kowace safiya, sai ta ga na tsallaka titi take juyawa. Abin da na koya ke nan: firidom rana ɗaya ake yin sa, kunne ya ji, baki ya faɗa. Ƙafa ce dai ba ta jin Turanci.