Ranar da Ruwan Mambila Ya Wanke Motar Tsalha

Wani mutum ne a Jalingo, sunansa Tsalha, amma kowa Na-Jamus yake ce masa. Bai taɓa wuce Yola ba, sai dai in ya buɗe baki ka rantse a can aka yanke masa cibiya. Takalminsa na Jamus ne. Tocilarsa ta Jamus ce. Har murar da ya yi bara cewa ya yi irin ta can ce.

To akwai wasu manyan 'yan kasuwar garin da suka haɗa ƙungiya. Kowa da motarsa mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da tankin ruwa. In hutu ya zo sai su jera su hau dutsen Mambila, su sauka a wani fili da aka tanadar wa baƙi kusa da ƙauyen Mayo Sabere, su yi ta gasa nama suna shan iska. Tsalha ba abin da yake so a duniya kamar a ce yau ga shi a cikinsu. Ya dami shugabansu, Alhaji Nasidi, har Alhaji ya gaji ya ce, "Ka zo da motarka mu gani. In ta yi, ka zama namu."

Gogan naka ya samo wata tsohuwar mota a wurin masu sayar da gwangwani. Bai kawo ta gida ba sai da ya ɓoye ta a wani kango, ya sayo fentin bangon ɗaki don ya fi araha, ya lafta mata shuɗi tun daga goshi har gindi.

Matarsa Lantana, uwar 'ya'yansa, mace ce mai fargaba. Yaro ya yi tari sai ta kasa cin tuwo. Da ta ɗora ido a kan motar nan sai ta zagaya ta, ta leƙa ciki.

Ta ce, "Malam, ni fa jikina bai ba ni ba. Me ya sa bayanta ba taga?"

"Saboda sanyin Jamus, ke!"

"Gadon kuma siriri haka, na mutum ɗaya?"

"Bature ba ya son matsi. Ke da yara ga tanti nan na aro muku."

"Wannan ƙamshin turaren fa da ya kama kujeru?"

"Lantana, ki bar abin da ya fi ƙarfin karatunki."

Ta juya ta ƙulle kuka da daddawa a leda.

Ranar tafiya aka kama hawan dutse. Hanya ta yi ta murɗewa kamar igiyar guga. Motocin Alhazai suna tafiya sumul, ta Tsalha tana tari, kuf, kuf, kuf. Lantana ta rungume yara ta rufe ido, duk addu'ar da ta sani sai da ta karanta, har ta cin abinci.

Da ikon Allah aka isa. Tsalha ya diro yana gyara hula. Ya wangale ƙofofin baya, ya kama gadon nan da yatsa ɗaya ya ja. Sululu, gado ya fito a kan wasu ƙarafa biyu. Ya tura, sululu, ya koma.

"Kun gani? Ko ƙara ba ya yi. A can sai ministoci ke hawa irinta."

Alhaji Nasidi ya gyaɗa kai ya ce, "Lallai ban taɓa ganin irin wannan ba. Bayan la'asar za mu zauna a kan maganarka."

Murna ta kama Tsalha, ya ci naman mutane har da na gobe. Ga sanyin dutse yana ratsa ƙashi. Sai ya shige mota, ya kunna ɗan murhun gas don ɗumi, ya miƙe a gado, ya ja farin mayafi ya lulluɓe tun daga kai har ƙafa.

Lantana ta leƙa ta ce, "Malam, an ce murhun nan yana kashe mutum in an rufe ƙofa."

"Na Jamus ba ya kisa. Ja min ƙofar!"

Can sai hadari ya haɗo. Ruwan Mambila kuwa ba ya sallama. Shaaa! Kowa ya gudu babbar rumfar filin. Lantana na tsaye da yara tana kallon motar, sai ta ga ruwan da ke zuba daga jikinta shuɗi ne. Shuɗi yana gangarewa, fari yana fitowa. Kafin ruwa ya tsagaita mota ta koma fara fat, ga wani baƙin rubutu ɓaro-ɓaro a gefenta. Karatun Lantana ba mai nisa ba ne, ta fara haɗawa a hankali, ta kai "Mo-tar Ja-na..." sai ta ji salati a bayanta.

Mutanen ƙauye ne suna dawowa daga kasuwa. Su ba su tsaya karatu ba, motarsu ce, sun san ta kamar tafin hannunsu. A Mayo Sabere kuwa duk wanda ya ga motar jana'iza a tsaye, ajiye kayansa yake yi ya tsaya, ko da bai san mamacin ba. Mai buhun dankali ya sauke. Mai akuya ya ɗaure ta. Wani ya ruga ya kira dagaci, Jauro Hammajam. Nan da nan fili ya cika.

Mata suka kewaye Lantana. Wata tsohuwa ta dafa ta ta ce, "Sannu 'yar nan. Mijinki ne?"

"Mijina ne, Inna."

"Allah ya ji ƙansa. Ya daɗe yana jinya?"

Lantana ta tuna murhu. Ta ɗora hannu a ka. "Wayyo! Sai da na faɗa masa! Sai da na faɗa masa!" Yara suka ga uwarsu na kuka, su ma suka ɓare baki. Alhazai suka fito cirko-cirko, Alhaji Nasidi har da cire hula.

Jauro ya yi bismilla ya buɗe ƙofofin baya, ya kashe murhun. Ya kama gadon ya ja, sululu. Ga mutum a miƙe sambal cikin farin ƙyalle. Maza huɗu suka kama, suka ɗaga zuwa kafaɗa.

Iska mai sanyi ta daki Tsalha. Ya yi wata uwar atishawa, ya tashi zaune zumbur.

"Wane ɗan iska ne ya buɗe min ƙofa?"

Tim! Aka sake shi a cikin taɓo. Jama'a suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya haye kan buhun dankalin da ba nasa ba. Akuya ta tsinke igiya ta bi su. Lantana kuwa ta rasa kuka za ta ci gaba da yi ko hamdala, sai ta haɗa duka biyun.

Tsalha ya miƙe yana ɗigar taɓo. Ya hango taro can nesa ana leƙensa, ya juya ya ga mota, ya ga rubutu.

Alhaji Nasidi ya mayar da hularsa, ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Motar Jana'iza, Al'ummar Mayo Sabere." Ya dube shi. "Na-Jamus, wannan a wace unguwa take a Jamus?"

Tsalha ya ce, "Alhaji, ai... ai kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Kama ce kawai. Tawa ta ministoci ce, ku tambayi kowa, gadon nan..."

Jauro Hammajam, wanda shi kaɗai ne cikin mutanen ƙauye bai gudu ba don ƙafa ta ƙi, ya ɗaga masa sanda.

"Yaro, dakata haka nan. Motar nan tamu ce, mu muka sayar da ita da ta tsufa. Rabin dattawan garin nan ita ta kai su makabarta, har da mahaifina. Kowa ya hau gadon nan ya kwanta da mutuncinsa. Kai ne na farko da ya tashi yana yi mana ƙarya."