Ranar da Lola Pacing Ta Ƙara Kuɗin Ganye

"Lafiya lau na kwana, Lola. Ke ce dai aka ji minsharinki har ƙarshen layi."

Rodel ke nan, jikanta mai haya da babur mai ƙafa uku. Ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa, gaisuwar girmamawa, sannan ya miƙa mata jakar takarda. Lola Pacing ta leƙa ciki, ta ga 'yan ƙananan burodin pandesal, ba su taka kara sun karya ba. Yau ƙawayenta tara na coci za su zo shan kofi, kuma ba a taɓa tashi daga gidanta da sauran yunwa ba.

"Kai, ɗan nema! Ina sauran pandesal ɗin?"

"Iyakarsa ke nan. Mang Tonyo mai gidan burodi ya ƙara kuɗi. Wai fulawa ta hau, gas ya hau."

"Cikinka dai ya hau. Buɗe baki in gani."

"Fara buɗe naki in ƙirga haƙoran. Ba zan ɓata miki lokaci ba."

Ta ɗago guda da yatsu biyu. "Wannan burodi ne ko maɓallin riga? A zamaninmu, pandesal ɗaya sai mutum biyu sun kama."

"A zamaninku ai ba a ƙirƙiro kuɗi ba tukuna."

"Ta da babur ka kai ni wurin Tonyon."

"Ba ya ragi, Lola. Ko Fada, limamin cocinmu, bai rage wa ba."

"Fada ba shi da abin da nake da shi."

"Me? Ciwon gwiwa?"

A ƙofar gidan burodin layi ya kai titi, kowa na gunaguni. Lola ta ratsa mutane da lemarta ta shige ciki. Ba a jima ba sai ga ta rungume da jaka biyu suna tururi, Mang Tonyo na biye da ita yana share gumi.

Rodel ya saki baki. "Fashi kika yi, ko aure kika yi masa alkawari?"

"Ni in auri buhun fulawa? Zogalen da yake zubawa a burodinsa, mutane na rububi, a bishiyar wa yake tsinka kyauta shekara shida?"

"Taki."

"To, na ce masa zogale ma ya hau. Ruwan sama ya yi tsada."

"Lola!"

"Daga yau, kwandon ganye, pandesal ashirin. Kullum safe. Manya kuma, ba maɓallai ba."

Rodel ya kifa kai a kan babur yana dariya har da hawaye. "Na sallama, wallahi na sallama! Ke ya kamata a ba riƙon ƙasar nan. A sammini ɗaya."

"Peso biyar."

"Tonyo ma uku yake sayarwa!"

"Nawa har da ladan baƙar maganar da na sha."

Ta zaro mafi girma, mai zafi, ta cusa masa a baki.

"Ja mu tafi, baƙina na hanya."