Gaisuwata Ga Goggon Biri

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na gaida goggon biri, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta.

Wata shida da kama aiki a ofishin kula da gandun daji a Haɗeja, aka tura mu kwas wata ƙasa a gabashin Afirka, ni da ogana Malam Sabo. A cikin jirgi ya faɗa mini cewa yana neman wanda zai riƙa raka baƙi cikin dausayin Baturiya, amma sai mai natsuwa. Ina son aikin nan ƙwarai, don haka na ƙudura ba zan yi ko da kuskure ɗaya ba.

Ranar ƙarshe aka kai mu wani dutse mai aman wuta (sun ce ya daina, ni dai ban saki jiki ba) don mu bi sawun wani garken goggon biri. Ni ɗan fadama ne, ban taɓa hawan abin da ya wuce kunyar shinkafa ba. Muka yi wajen awa uku cikin taɓo, ina haki ina maimaita dokokin mai yi mana jagora: in babban ya matso, ka tsuguna, ka sunkuyar da kai, kada ka gudu, kada ka ɗaga hannu.

Can sai ganye ya motsa. Ga shi nan, ƙato, bayansa fari fat da furfura, yana takowa a hankali kamar hakimi ya fito zaure.

Na tsuguna. Na sunkuyar da kai. Har nan ban yi laifi ba. Matsalar ita ce, tun ina yaro ban taɓa tsugunawa gaban mai furfura na yi shiru ba. Kafin in ankara hannuna na dama ya dunƙule ya tashi sama, na hagu ya tallafe shi, bakina kuma ya ce, da ƙarfi:

"Ranka ya daɗe, barka da hutawa!"

Jagoran ya zaro ido ya fizgo hannuna ƙasa. Birin ya dube ni, ya sosa ciki, ya juya abinsa. Sai na ji Malam Sabo a bayana, yana danne dariya:

"An gaishe ka, ɗan samari."

Har muka sauko ban ɗaga ido ba, na tabbata aikin ya wuce ni. A mota ya share hawayen dariya ya ce, "Kai zan ba. Wanda ya yi wa biri ladabi, wane baƙo ne zai gagare shi?"

Aikin dai na samu. Sai dai duk baƙon da ya zo, da labarin nan Malam yake tarbarsa, har da kwaikwayon jinjinar. Abin da na koya, in ma na koya, shi ne: ladabi abu ne mai kyau, amma a fara duba fuskar dattijon tukuna.