Yadda Za Ka Burge Suruki da Kujerar Nano Mai Haske

Tunda siyasa ta dawo, kowa a Katsina ya zama Honorabul ko Injiniya. Kai ma ba a bar ka a baya ba. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci za ka samu mata. Maƙwabcina Ɗanliti na Ƙofar Marusa, mai liƙin bokiti, da su ya nemi Ma'u ɗiyar Alhaji Gidaɗo, babban mai hatsi a Batagarawa, alhali wani kansila mai sabuwar mota yana layi.

1. Zaɓi abin da za ka ƙera

Kujerar alwala 'yar tsugunno. Suruki zai hau ta kullum, kuma in an ɗauke wuta da asuba haskenta zai nuna masa inda take. Kansila ya isa ya kawo wannan?

2. Nemo kayan haɗi

Ruwan roba, maganin da ke daskarar da shi, sai hodar nano. Ita hodar, ƙwayoyinta sun fi ƙarfin ido. 'Yar kaɗan ke shiga jikin roba ta ƙara mata ƙarfi, in ta sha rana kuma ta yi haske a duhu. Kowa ya tambaye ka, ce masa “nano ce”, ka kau da kai. Wanda bai gane ba kunya za ta hana shi sake tambaya.

3. Dama, ka ƙara damawa

In ka yi kasala hodar za ta dunƙule kamar kunun da ya yi gudaji. Dama har kafaɗa ta yi tsami. A bakin ƙofa za ka zauna, unguwa ta ga kana kimiyya.

4. Batun awo

Malamin kimiyyar da ya sayar wa Ɗanliti hodar ya ce masa, “Bakin cokali kawai. In ta yi yawa robar za ta yi gautsi, hasken ma ya dushe.”

To amma ɗan Katsina ne fa. Wa ya taɓa auna wa babban mutum abu bai yi gyara ba? Ɗanliti ya dubi bakin cokalin nan, ya ji kunya ta kama shi. “Haba, Baba Alhaji guda!” Ya ƙara. Ya tuna Hajiya, uwar Ma'u, ya sake ƙarawa. Daga ƙarshe ya kife gwangwanin hodar ya kaɗe gindinsa, ya juye haɗin a mazubin kujera har ya daskare. Kai ma yi haka, rowa ba kyau.

5. Kai kayan da kanka

Ka durƙusa daga bakin zaure, ka yi gaisuwa har ta ƙare. Ɗanliti ya yi. Alhaji ya lulluɓe kansa tare da kujerar cikin babbar riga, ya daɗe yana neman haske.

“Yaro, ni dai duhu nika gani.”

“Sai an zauna take nuna kanta, Baba.”

Wannan ƙarya ce, amma ka riƙe ta. Alhaji ya yi bismilla ya zauna. Ƙwas! Kujera ta dare, hula ta yi gabas, Alhaji ya yi zaman dirshan. Ɗanliti ya ji a ransa ya rasa Ma'u ke nan, har ƙwalla ta cika masa ido.

6. Faɗi gaskiya, tunda ƙarya ta ƙare

“Mi ka zuba ciki?” in ji Alhaji, yana dafe da ƙugu.

“An ce bakin cokali, Baba. Ni kuwa na ga don ku ne, na yi gyara.”

“Har nawa?”

“Duk gwangwanin.”

Alhaji ya fashe da dariya har da tari. “Na tsufa a bakin kwanon awo, ban taɓa ganin mai gyaran da ya fi awon ba. Mai hannu irin wanga ba ya barin ɗiyata da yunwa. Turo manyanka. Amma kada ka ƙara ƙera abin zama!”

Hattara

Ni shawara na bayar, ban dama da kai ba, ban auna maka ba. Ƙugun suruki da mai ɗori duk a wuyanka suke. Kuma kafin ka kife gwangwani, binciki sana'ar surukin. Na Ɗanliti mai hatsi ne. In naka tsohon soja ne, wallahi ban san ka ba.